'Yan Matan da Suka Ɓata da Littattafan da Suka Fita Nemansu

A shekarar 1967 kamfanin ɗab'i na Sudamericana da ke birnin Buenos Aires ya fitar da littafin wani ɗan jarida mutumin Kolombiya, Gabriel García Márquez, mai suna Cien años de soledad, wato shekara ɗari ta kaɗaici. Kwafi 8,000 aka fara bugawa, cikin 'yan makonni suka ƙare. Cikin abubuwan da masu karatu ba su manta ba har yau akwai labarin Remedios, budurwar da kyanta ya kai duk namijin da ya ƙwallafa rai a kanta ƙarshensa halaka. Wata rana matan gidansu suna naɗe zannuwan gado a lambu, sai iska ta ɗaga ta tare da zannuwan, ta yi sama tana ɗaga musu hannu har ta ɓace wa ganinsu. Ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Bayan shekaru marubucin ya faɗi inda ya samo wannan. A wata doguwar hira da abokinsa Plinio Apuleyo Mendoza, wadda aka buga a 1982, ya ce wata tsohuwa ya tuna, wadda jikarta ta gudu daga gida da asuba, ita kuwa don ta rufa wa gidan asiri sai ta baza labari cewa yarinyar ta hau sama. Ashe akwai yarinya ta gaske a ƙarƙashin wannan shafi mai ƙayatarwa. Ina ta nufa? Wa ta bi? Ta rayu ko ta mutu? Tsohuwar ba ta so a tambaya, littafin ma bai tsaya tambaya ba. Sai da aka yi sama da shekara arba'in kafin wasu mata marubuta na wannan yanki suka ɗauki tambayar suka mai da ita ginshiƙin aikinsu. Tarihin da zan ba da shi ne na yadda al'ajabi, wanda ya fara da lulluɓe abin da ya sami yarinya, ya koma makamin tone shi.

Salon da ake magana a kai yana da sauƙin ganewa. Mai sauraron tatsuniya ya san tun farko cewa an bar duniyarmu an shiga ta Gizo, kuma da an gama za a dawo da shi. A nan kuwa ba a barin duniyar. Garin na gaske ne, da kuɗin haya da 'yan sanda da ranar albashi, sai matacce ya shigo ya zauna a teburin abinci, ba kuma wanda ya tashi ya gudu. Sunan salon daga Jamus ya fito. Wani masanin zane, Franz Roh, shi ya fara amfani da shi a 1925 a kan wasu masu zanen zamaninsa, aka fassara aikinsa zuwa Sifaniyanci a Madrid a 1927, daga nan sunan ya tsallaka teku ya koma kan adabi. Wanda ya ba shi jiki shi ne Alejo Carpentier na ƙasar Kyuba. Ya ziyarci Haiti a 1943, ya ji labarin Mackandal, bawan da ya jagoranci tawaye, wanda Faransawa suka ƙone a bainar jama'a a 1758 amma 'yan uwansa bayi suka tsaya kai da fata cewa ya rikiɗa ya tsere daga wutar. A littafinsa na 1949 Carpentier ya kafa hujja cewa marubucin Latin Amurka ba ya bukatar ƙirƙiro abin mamaki, domin tarihin mutanensa cike yake da shi. A 1955 Juan Rulfo na Meziko ya rubuta Pedro Páramo, labarin saurayin da ya je wani ƙauye neman ubansa, sannu a hankali ya gane duk wanda yake magana da shi a garin ya daɗe da mutuwa.

Akwai mata tun farkon tafiyar, ko da yake an jima ba a lissafa da su. María Luisa Bombal ta ƙasar Chile ta buga La amortajada a 1938, shekara goma sha bakwai kafin Rulfo. Mace ce a cikin likkafani, tana kwance ana zaman makokinta, tana kallon masu shigowa ɗaya bayan ɗaya tana tuna abin da kowannensu ya yi mata. Elena Garro ta Meziko ta fitar da Los recuerdos del porvenir a 1963, inda gari ne da kansa yake ba da labari, kuma budurwar cikinsa ta ƙare da zama dutse. Shekaru da dama, matar mawaƙi Octavio Paz aka fi sanin ta da shi. Silvina Ocampo a Ajantina da Amparo Dávila a Meziko sun rubuta gajerun labarai masu tayar da tsigar jiki a kan yara da 'yan aiki da matan aure da aka kulle a gida da wani abu da ba shi da suna. Amma da kasuwar littattafan yankin ta buɗe wa duniya a shekarun 1960, sunaye huɗu aka riƙa ambata, García Márquez da Cortázar da Fuentes da Vargas Llosa, duka maza.

Ba adalci ba ne a ce García Márquez bai ga 'yar talaka ba. A 1972 ya rubuta labarin Eréndira, yarinya 'yar shekara 14 da ke yi wa kakarta bauta. Wata rana gajiya ta sa barci ya kwashe ta, iska ta tunkuɗe kyandir, gidan ya ƙone. Kakar ta lissafa asarar ta ɗora mata a matsayin bashi, ta riƙa yawo da ita garuruwan hamada tana karɓar kuɗi a hannun mazan da ke layi a ƙofar tanti. Labari ne mai ciwo, sai dai an ba da shi da irin muryar nan mai daɗi da ke sa mai karatu ya shagala da koren jinin kakar da lemun da ke da lu'ulu'u a ciki, har ya kusa manta cewa yarinya ake yi wa fyaɗe. Eréndira kanta kalmominta ba su da yawa.

Da mata suka karɓi salon a shekarun 1980, littattafansu sun yi kasuwa fiye da zato, amma al'ajabin ya tare ne a gidan masu hali. A La casa de los espíritus na Isabel Allende, wanda ya fito a 1982, Clara 'yar babban gida ce mai ganin abin da bai faru ba tukuna, tana motsa kayan tebur ba tare da ta taɓa su ba. A gandun mijinta kuwa akwai Pancha García, 'yar manomi, wadda maigidan ya danne a bakin rafi ya yi mata ciki. Ita ba ta da fatalwa ko ɗaya da za ta tsaya mata. Abin da ta bari kawai ƙiyayya ce da ta gangara har kan jikanta, wanda ya zama jami'in azabtarwa bayan juyin mulki. Haka a Como agua para chocolate na Laura Esquivel na 1989: 'yar masu gida ce hawayenta ke shiga girki ya sa 'yan biki kuka, 'yar aikin gidan kuma 'yan fashi suka yi mata fyaɗe, labari ya wuce. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 salon ya zama hajar sayarwa ga Turawa. Matasan marubuta suka gaji, a 1996 Alberto Fuguet da Sergio Gómez na Chile suka fitar da tarin labarai mai suna McOndo don su nuna cewa yankinsu na manyan birane ne da talabijin da cunkoson motoci. A wannan tarin ma babu mace ko ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka an binne salon ke nan.

Abin da ya tashe shi ba daga ɗakin karatu ya fito ba. Ranar 24 ga Maris 1976 sojoji suka ƙwace mulki a Ajantina, suka riƙe shi har 1983. Hanyar da suka fi amfani da ita wajen kawar da abokan hamayya ita ce ɓatarwa. A zo da dare a ɗauki mutum, a musanta cewa an ɗauke shi. Wasu an yi musu allurar barci an jefa su cikin teku daga jirgin sama. Matan da aka kama da ciki an bar su sun haihu, aka raba jariran ga wasu gidaje, aka kashe iyayen. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojoji ta tattara sunaye 8,961 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun ce adadin ya kai 30,000. Tun daga Afrilun 1977 iyaye mata suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo, daga baya aka san su da fararen kallabi, suna zagayawa kowace Alhamis suna tambayar ina 'ya'yansu. Yaron da ya tashi a wannan zamani ya tashi ne a ƙasar da mutum zai iya zama ba rayayye ba kuma ba matacce ba, babu gawa, babu kabari, babu takarda. Irin wannan yaro ba sai an koya masa mene ne fatalwa ba.

Bayan sojoji sai talauci. A 1989 hauhawar farashi ta haukace, ana ɗauke wuta sa'o'i a kowace rana, har shugaba Raúl Alfonsín ya miƙa mulki kafin wa'adinsa ya cika. Magajinsa Carlos Menem ya sayar da kamfanonin gwamnati, aka rufe layukan dogo da masana'antu, unguwannin ma'aikata da ke kewaye da Buenos Aires suka cika da marasa aikin yi. A Disambar 2001 gwamnati ta hana mutane cire kuɗinsu daga banki, gari ya hargitse, shugaba Fernando de la Rúa ya bar fada a jirgi mai saukar ungulu, aka yi shugabanni biyar cikin mako biyu. A 2002 fiye da rabin 'yan ƙasar sun faɗa talauci. Dubban iyalai suka koma 'yan jari-bola, suna shigowa birni da dare suna tsintar kwali. Wani mugun abin maye mai arha, wanda suke kira paco, ya mamaye unguwannin kwano da katako.

A can arewa, a garin Ciudad Juárez na Meziko da ke kan iyakar Amurka, tun daga 1993 aka fara tsintar gawarwakin 'yan mata a jeji da filayen da ba kowa. Da yawansu ma'aikatan masana'antun harhaɗa kaya ne ko 'yan makaranta ko masu tsaron shago, 'yan unguwannin da ba fitilar titi, waɗanda ke tafiya a ƙafa da asuba zuwa inda motar kamfani ke tsayawa. Idan uwa ta je caji ofis, amsar da aka saba ba ta ita ce ta koma gida, 'yarta ta bi saurayi ne. A Nuwamban 2001 aka gano gawa takwas a wata tsohuwar gonar auduga a cikin garin, kuma a 2009 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci cewa gwamnatin Meziko ta yi sakaci. Wannan amsa ta ɗan sanda, a lura, ita ce dai ta tsohuwar nan ta Kolombiya da aka sake wa riga: yarinya ta tafi, kada a bincika.

Mariana Enríquez an haife ta a 1973, ta tashi a Lanús, yankin masana'antu da ke kudu da Buenos Aires, gab da kogin Riachuelo wanda mahauta da majemu suka yi sama da ƙarni suna zuba wa ƙazanta har ruwansa ya yi baƙi. Kakarta mutuniyar lardin Corrientes ce, inda talakawa ke kai bukatunsu ga waliyyan da coci bai amince da su ba, irin su Gauchito Gil mai jajayen tutoci a bakin hanya da San La Muerte mai siffar ƙwarangwal. 'Yar jarida ce a jaridar Página/12, kuma ba ta ɓoye cewa Stephen King da Shirley Jackson ne malamanta a harkar ban tsoro. Tarin labaranta na 2009, Los peligros de fumar en la cama, shi ne wurin da nake ganin sabon zamanin ya fara. A ɗaya daga ciki, wasu 'yan mata 'yan sakandare suna haɗuwa da dare a gidan ƙawarsu da allon haruffa da kofi suna kiran matattu. Wa suke kira? Waɗanda sojoji suka ɓatar, domin ɗaya daga cikinsu iyayenta na cikin waɗanda aka ɗauka, tana son ta san inda ƙasusuwansu suke. A wani labarin, wata ma'aikaciya ce a ofishin da ke ajiye takardun yaran da suka ɓata a birnin, ofishin da ba wanda ya damu da shi. Kwatsam yaran suka fara bayyana a wuraren shaƙatawa, kowanne da shekarun da ya ɓata da su da kayan da ke jikinsa ranar. Iyaye suka yi murna, suka kwashe su. Ba a jima ba suka fara mayar da su, domin abin da ya dawo ba ɗansu ba ne. Mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa ko garin ya taɓa son yaran su dawo.

Littafinta na 2016, Las cosas que perdimos en el fuego, abubuwan da muka rasa a gobara, ya fi shiga cikin unguwa. Akwai labarin wasu 'yan mata uku da suka yi ƙuruciyarsu daga 1989 zuwa 1994, iyayensu na fama da farashi da rashin aiki, su kuma suna shaye-shaye a gari mai duhu, sun ɗaure wa juna alkawarin ba za su bar wani namiji ya raba su ba. Akwai na wata lauyar gwamnati da ke binciken 'yan sandan da suka jefa samari biyu cikin Riachuelo, sai wata yarinya mai ciki, wadda abin maye ya cinye, ta zo ofishinta ta ce ɗaya daga cikin matattun ya fito daga ruwa. Tushen wannan gaskiya ne: a Satumbar 2002 'yan sanda suka tilasta wa wani saurayi ɗan shekara 19 faɗawa kogin, ya nutse. Enríquez ba ta ƙara wa laifin kome ba. Abin da ta ƙara shi ne ramuwar kogin.

Labarin da ya ba littafin suna babu aljani ko ɗaya a cikinsa, amma ya fi sauran firgitarwa. A 2010 wani makaɗi na wata sananniyar ƙungiyar mawaƙa ya watsa wa matarsa barasa ya cinna mata wuta, ta rasu bayan kwanaki, kuma jaridu suka riƙa kawo rahoton wasu mazan da suka yi irin haka. A labarin, wata mata da mijinta ya ƙone tana bin taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa tana bara, tana nuna wa fasinjoji fuskarta. Da ƙone-ƙonen suka yi yawa, sai mata suka haɗa ƙungiyar asiri, suna hura wuta a daji suna shiga da ƙafarsu, wasu na jiran su da magunguna a asibitin ɓoye, don kada wani namiji ya sake samun abin da zai yi musu barazana da shi. Ba na jin marubuciyar tana yaba wannan. Tana auna zurfin ramin da aka tura mutum ne, har ya ga cewa abin da ya rage masa iko da shi kawai shi ne ya riga mai cutar da shi.

Kafin littafin ya fito, titi ya riga ya motsa. A Mayun 2015 aka tono gawar wata yarinya 'yar shekara 14, mai ciki, a tsakar gidan dangin saurayinta a garin Rufino na lardin Santa Fe. Ranar 3 ga Yuni dubban ɗaruruwan mutane suka fito a biranen Ajantina ƙarƙashin taken Ni Una Menos, ma'ana kada a sake rasa ko ɗaya, taken da ake dangantawa da Susana Chávez, mawaƙiyar Ciudad Juárez da ita ma aka kashe a 2011. Ƙungiyoyin da ke ƙirga a lokacin sun ce kusan duk sa'a 30 ana kashe mace ɗaya a ƙasar saboda kasancewarta mace. Shekara guda kafin haka Selva Almada ta buga Chicas muertas, binciken gaske a kan 'yan mata uku na ƙananan garuruwa da aka kashe ko aka ɓatar a shekarun 1980 ba a hukunta kowa ba. Ta karanta takardun kotu, ta zauna da dangi, inda takardu suka ƙare kuma sai ta ɗauki hotunan 'yan matan ta kai wa wata mai duba. Ko littafin da ba ƙagagge ba ya ƙare a ƙofar mai duba, don can ne iyayen da hukuma ta juya wa baya suke ƙarewa.

A Meziko Fernanda Melchor, wadda aka haifa a jihar Veracruz a 1982, ta karanta a jarida cewa an tsinci gawar wani mai tsafi a magudanar ruwa ta gonakin rake, kuma wanda ake zargi ya ce asiri aka yi masa. Ta so ta je ta bincika da kanta, amma jihar a zamanin gwamna Javier Duarte ta zama wurin da ake kashe 'yan jarida, sai ta zauna ta ƙaga. Temporada de huracanes, lokacin guguwa, ya fito a 2017. Kowane babi dunƙule ɗaya ne ba sakin layi, da bakin 'yan ƙauyen, da zaginsu da tsegumi da ƙaryarsu. Kowa a ƙauyen La Matosa ya yarda Matsafiya na da ƙawance da Shaiɗan kuma ta ɓoye zinariya a gidanta, mata kuwa a ɓoye suke zuwa wurinta ranar Juma'a da damuwarsu. Cikin masu zuwa har da Norma, 'yar shekara 13, wadda mijin uwarta ya yi wa ciki ta gudu daga gida. Ta sha abin da aka haɗa mata, jini ya ɓalle, ta ƙare a gadon asibiti a ɗaure, ana matsa mata ta faɗi sunan wanda ya taimake ta, ba wanda ya kula da wanda ya lalata ta. A wannan littafi ba a taɓa nuna sihiri ya yi aiki ba. Imanin mutane da shi ne yake aiki, shi ne kuma ya ba su uzurin kisa.

Dole a faɗa cewa yawancin waɗannan marubuta ba sa son a jingina su da salon García Márquez. Enríquez cewa take yi labarin ban tsoro take rubutawa, Mónica Ojeda ta Ikwado tana danganta nata da duwatsun Andes da matsafansu, Melchor kuwa zahiri tsagwaronsa take nufi. Suna da hujja, domin an daɗe ana ɗora wa duk marubucin yankin wannan hula ko ta yi masa ko ba ta yi ba. Duk da haka zaren bai tsinke ba. Matattu na magana, talakawa ba sa mamaki, hukuma ba ta nan. Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da labarin, da unguwar da take zaune, da kuma cewa an daina yi wa abin ado.

Inda zaren ya fi fitowa fili shi ne Cometierra, mai cin ƙasa, na Dolores Reyes. An haife ta a 1978, malamar makaranta ce, uwar 'ya'ya bakwai, ta koyar a Pablo Podestá, wata unguwar ma'aikata a yammacin Buenos Aires. Ta koyi rubutu a ajin Selva Almada, tana tashi kafin asuba ta rubuta kafin yara su farka. Littafinta na farko ne, wani ƙaramin kamfani mai suna Sigilo ya buga shi a 2019, ta kuma sadaukar da shi ga wasu 'yan mata biyu na yankin da aka kashe.

A Cien años de soledad ma akwai yarinya mai cin ƙasa, Rebeca, marainiyar da ta iso gari da ƙasusuwan iyayenta a buhu. A can ɗabi'a ce da manya suka yi ta fama su raba ta da ita. A wurin Reyes kuwa ƙasa shaida ce. Yarinyar, ranar da aka binne uwarta ta ɗebi ƙasar kabarin ta kai baki, sai ta ga ubanta yana dukan uwar har ta mutu. Daga baya malamarta ta ɓata, ta ci ƙasar makarantar, ta zana inda gawar take, aka je aka same ta a can. Maimakon godiya sai tsangwama. Gwaggon da ke riƙon su ta gudu ta bar ta da yayanta Walter, mai aiki a garejin gyaran mota, a gida mai rufin kwano da ciyawa ta cinye farfajiyarsa. Ta bar makaranta. Sannu a hankali mutane suka fara ajiye kwalabe a ƙofar gidan, kowace da ƙasar wurin da aka yi wa wani ganin ƙarshe, da suna da hoto da lambar waya. Kwalaben suka yi ta taruwa. Tana tsoron su, domin kowace ta buɗe sai cikinta ya murɗa, sai ta ga abin da ba za ta iya mantawa ba, kuma sau da yawa labarin da za ta ba uwa shi ne 'yarta ta mutu. Har ɗan sanda ya zo mata da tasa bukatar, domin 'yar uwarsa ta ɓata kuma abokan aikinsa sun ƙi nema. Wannan karon aka sami yarinyar da rai.

Abin da ya fi taɓa ni a littafin shi ne Reyes ba ta mai da ita waliyya ba. Budurwa ce mai son kiɗa da wasan bidiyo da hira da abokan yayanta, tana karɓar kuɗin aikinta don su ci abinci, tana soyayya, tana fushi da ƙasar da ba ta barin ta ta huta. Harshenta na unguwa ne, gajere, ba ƙawa. Baiwar da ke gare ta nauyi ne da aka ɗora wa wadda ba ta da ƙarfin ɗauka, saboda waɗanda ake biya albashi don su ɗauka sun ajiye. A 2023 Reyes ta fitar da ci gabansa, Miseria. A tsakanin nan duniya ta waiwayo: fassarar littafin Melchor ta shiga jerin ƙarshe na kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2020, ta Enríquez ta shiga a 2021, bayan da ita Enríquez ta ci kyautar Herralde ta Sifen a 2019.

A Nuwamban 2024 Cometierra ya faɗa rikicin siyasa. Gwamnatin lardin Buenos Aires ta sa shi cikin littattafan da ta raba wa ɗakunan karatu na makarantun sakandare. Mataimakiyar shugaban ƙasa, Victoria Villarruel, da magoya bayanta suka ɗauko wani ɗan sashe da ke bayanin saduwa tsakanin yarinyar da saurayinta suka yaɗa, suka ce batsa ake koya wa yara. Iyaye na da cikakken haƙƙin tambayar abin da ake ba 'ya'yansu su karanta da shekarun da ya dace, wannan ba abin musu ba ne. Amma abin ciwo ne a ce a littafin da ke cike da 'yan matan da aka kashe aka yar, wannan sashe kaɗai ya tayar wa masu mulki hankali. Marubuciyar ta sha zagi da barazana. Ranar 23 ga watan sama da marubuta 100 suka taru a gidan wasan kwaikwayo na Picadero, wanda aka cinna wa wuta a 1981 lokacin mulkin soja, suka riƙa karanta littafin da sauran waɗanda aka soka da babbar murya, ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwanaki ya hau sahun gaba na littattafan da aka fi saya a ƙasar.

Gwamnatin shugaba Javier Milei ta riga ta rushe ma'aikatar mata ta ƙasa kafin wannan rikici. A Janairun 2025 ministan shari'a, Mariano Cúneo Libarona, ya sanar cewa gwamnati na da niyyar cire tanadin da majalisa ta sa a kundin hukunta laifuka a 2012, wanda ya tanadi ɗaurin rai da rai ga namijin da ya kashe mace a yanayin cin zarafin jinsi.